Kananzir a Rediyo, Kalanzir a Gida

Kwanakin baya kacar tsohon kekena ta yi tsatsa, sai na fita neman ɗan kananzir da zan jiƙa ta. Na bi shagunan bakin tasha a nan Zango ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon farko ya ce ya daɗe da daina kawowa. Na biyu ya nuna mini fitilun sola da na caji jere a kan kanta, ya ce, "Alhaji, ai yanzu ko a ruga ba a kunna fitilar ƙwai. In don keke ne, ka je wurin masu gyaran babur su ɗiga maka baƙin mai." Na yi godiya na juyo gida. Ban ji haushi ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda kan kama mutum idan ya tarar an rushe gidan da ya taɓa yin doguwar shari'a a kansa.

Na ce kananzir don haka bakina ya saba, haka kuma hannuna ke rubutawa ko ban yi niyya ba. Amma ba da wannan sunan na tashi ba. A gidanmu, da yawancin gidajen da na sani daga nan har Daura, kalanzir ake cewa. Kalmar dai ta Turawa ce, ta zo tare da garwar da ake zubo man a ciki, bakin Bahaushe ya tauna ta ya fito da ita iri biyu. Wanda ya san yadda masu ita ke faɗinta zai shaida babu wadda ta fi 'yar'uwarta kusa da asali. Sai dai an yi lokacin da aka zauna aka zaɓi ɗaya, aka ce ita ce daidaitacciya, ita za a rubuta a littafin makaranta, ita za a faɗa a rediyo. Ni kuwa aikin rediyo na yi tun ina saurayi har furfura ta cika mini kai, don haka na ƙare ƙuruciyata ina gadin irin waɗannan zaɓe-zaɓe. Mota, ba mato ba. Burodi, ba biredi ba. Siminti, ba sumunti ba. Yanzu in na kunna ƙananan tashoshin nan da suka yi yawa, sai in ji mai gabatarwa ya faro magana da Hausa ya ƙarasa ta da Turanci, ba wanda ya tsayar da shi, ba kuma wanda ya fasa saurare. Ba na cewa sun yi laifi. Ina dai tambayar kaina ko mene ne muka tsare.

A zamanin da nake magana, la'asar sakaliya tana da sautinta. Taɓarya na sauka a turmi daga gida zuwa gida, awaki na dawowa suna kuka a bakin ƙofa, sannan ka ji wannan 'yar ƙara ta ƙwan fitila idan an danna mariƙinsa an ɗaga shi. Aikin yara ne goge ƙwan da toka da tsumma, a datse bakin lagwani da reza, a kai wa manya su duba. Ba a bari rana ta faɗi fitila ba ta sha mai ba. Babana yakan ce duk mai son zuba wa fitila mai tana ci ya nemi wani gida, ba nasa ba. Innarmu kuwa, wato mahaifiyata, sayar da man ne sana'arta. Babana kan sayo garwa a Daura ya ɗauro a bayan keke, ita kuma ta riƙa aunawa a cikin gida da ƙaramin gwangwanin tumatir da mazurari. Yaran maƙwabta su yi ta shigowa da kwalabe masu toshiyar totuwa, wannan na fitila ɗaya, wancan na biyu. Warin man ya kama zanenta, ya kama asabarin ƙofarta, wani lokaci har a gefen tuwo kana jin sa. Yanzu ana danna wani abu a bango haske ya zo, ba wari, ba hidima, ba wanda aka aika. Jikokina ba su san lokacin da magariba ke shigowa ba sai sun ji kiran salla.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a ƙasar nan a wancan lokaci ya san abin da wannan ke nufi, amma na yanzu sai an yi musu bayani, don ina ganin matasan mata suna ɗaga 'ya'yansu na fari suna kiran sunansu a gaban surukai, har da ɗaukar hoto. A da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni, ƙanwar babana, wadda aurenta ya mutu ba ta haihu ba, ta dawo gida. Ɗakinta na kallon na Inna, 'yan taku ne tsakani, amma duk maganar da za ta taso daga wancan ɗaki zuwa gare ni sai ta biya ta bakin Gwaggo. "Ki ce wa ɗanki ya ɗebo ruwa." "Ɗanki ya fita ba hula." Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena, amma sai Gwaggo ta juyo ta maimaita mini kamar daga wani gari saƙon ya zo. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Na san wadda ke tura ƙosai mai zafi ɗakin Gwaggo kafin kowa ya samu. Haka dai abin yake, kamar yadda katangar gida take, ba a tambayar dalilinta.

Da na gama makaranta na sami aiki a wani gidan rediyo can birni, aka haɗa ni da shugaban shirye-shiryen Hausa, wanda dukanmu ke kira Malam Babba. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yafe kalma. In kana karatu ka kauce, sai ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninku da bakin alƙalami, ka koma farkon jimla. Ya taɓa zaunar da mu ya ce ana jin mu daga bakin kogi har tsallaken iyaka, kowa da irin Hausarsa, kuma ba mu fi kowa iya magana ba, amma in rediyo ta kira abu ɗaya da suna biyu, malamin makaranta da ke ƙauye ba shi da inda zai dafa ya gyara wa yaro rubutu. Na yarda da shi a lokacin, har yanzu ma ban ce ƙarya ya yi ba. A hannunsa na zubar da kalanzir na ɗauki kananzir, har ya zama in na zo gida hutu Gwaggo na kwaikwayona tana cewa ɗan birni ya dawo da baƙin harshe.

Wata shekara man ya yi wuya, sai wasu marasa tsoron Allah suka fara surka shi da fetur. Fitilu suka riƙa fashewa a hannun mata, ana ta kai ƙonannu asibiti. Aka ba mu umarni mu shirya gargaɗi, gajere, wanda za a riƙa sakawa kullum har abin ya lafa. Malam Babba ya ce ba ya son muryar jami'i, don ba jami'ai ke kunna fitila ba, mace yake so, mai sayarwa, ta faɗa da bakinta. Matsalar ita ce namiji ba ya shiga gidan mutane da na'ura, mace ɗaya tilo da muke da ita kuwa, Malama Talatu mai filin mata, tana da goyo, ba ta fita ƙauye. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce mahaifiyata na wannan sana'a. Malam Babba ya ce to, ga rikoda, ga faifai ɗaya, kada in ɓata shi don ba mu da su da yawa.

Sai da na hau mota na tuna wace ce mahaifiyar tawa a gare ni.

Babana bai ja magana ba, ya ce in dai ba za a faɗi suna ba, aikin lada ne. Gwaggo ce ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da ko sannu ba ta haɗa ku, yau za ka zaunar da ita ka yi mata tambayoyi kamar alƙali?"

Na ce, "Gwaggo, rayukan mutane ne."

"To bari in gwada. Amma ka tsaya nan, kada ka biyo ni da wannan jakar taka."

Hantsi ne, maza sun fita gona. Ina tsaye a tsakar gida ina jin Gwaggo da Inna a ɗaki.

"Matarmu, fito da bakinki, yau za a ji ki har Makka."

"Ke dai ba kya rabo da shiririta. Ni da wa?"

"Ba da kowa ba. Da akwati za ki yi magana. Akwati kuma ba ɗan kowa ba ne, ba ya da uwa ba ya da uba. Ko shi ma kunyarsa kike ji?"

Sai Inna ta ce, "In akwati ne, a turo shi."

Yadda muka yi ke nan. Ta zauna daga cikin ɗaki, asabari a sake. Gwaggo ta tura makirfo ta ƙarƙashi da doguwar igiyarsa, ta zauna a bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Ni ina can gindin turmi da rikoda a kan tabarma, na sa abin ji a kunnuwana biyu. Na danna, faifai ya fara juyawa, na gyara murya irin ta aiki na ce, "Malama, ko za ki gaya wa masu sauraro yadda ake gane man da aka surka?"

Ta ce, "To, a gaya wa masu sauraro."

Abin da ban shirya masa ba shi ne kusancin. Muryar da na saba ji daga nesa, tana ratsa tsakar gida zuwa ga wani, sai ga ta a tsakiyar kaina, har numfashinta ina ji, har ƙarar awarwaronta idan ta motsa hannu. Ta yi bayani a tsanake. Ta ce kalanzir na gaskiya in ka ɗiga shi a bayan hannu zama yake da maiƙonsa, wanda aka surka kuwa sanyi yake yi ya bushe nan da nan. Ta ce ita duk sabuwar garwa sai ta ɗiba kaɗan ta kai bayan gida, ta zuba a ƙasa nesa da danni, ta jefa ashana daga tsaye. In ya tsaya yana shawara kafin ya kama, na kirki ne. In ya yi bup, a mayar wa mai shi. Na yi tambaya, ta amsa. Na sake yi, ta sake amsawa, har ta gyara mini wata da na yi a karkace. Muna hira ke nan, ni da ita, duk da ba wanda zai kira ta hira.

Daga ƙarshe na tambaya ko ta taɓa ganin haɗarin fitila da idonta. Sai ta ce, da murya ɗaya ba hawa ba sauka, "Akwai wata mata a garin nan. Ɗanta na fari yana rarrafe, ba a yaye shi ba. An ajiye fitila a ƙasa, ya jawo ta, kalanzir ya malale ya kama tabarma, ya kama hannun rigarsa. Ba kowa a kusa. Matar ta kwance zanenta ta danne shi da shi, ta rungume har wutar ta mutu a jikinta. Yaron ya tashi da tabo a hannun hagu. Ita nata ba a gani. To a gaya wa mata, fitila a rataye take, ba a ƙasa ba."

Na dubi tabon hannuna na hagu da ke kan maɓallin rikoda. Duk tsawon rayuwata an ce mini Gwaggo ce ta ɗauke ni daga wutar. Gwaggo ba ta ɗago kai daga zogalenta ba, sai ta ce, "Oh, matar nan ta garinmu. Allah Ya saka mata."

Inna ta ce, "Akwatin ya ƙoshi?"

Na ce ya ƙoshi.

Na koma birni da faifan a cikin rigata, ban yarda na sa shi a jaka ba. Malam Babba ya saurara daga farko har ƙarshe ido a rufe. Da ya ƙare ya ce, "Wannan ita ce muryar da nake nema. Kowace mace za ta yarda da ita." Sai ya ɗauki alƙalami ya juya shi a hannu. "Amma ka ji abin da na ji."

Na ce na ji.

"Da hira ce ta filin manoma, da na bari, kowa ya yi maganarsa yadda ya tashi da ita. Wannan gargaɗi ne. Kullum za a sa shi, yara za su haddace shi kamar waƙa. Kalmar kuma ita ce kan maganar gaba ɗaya. Kai ka buɗe da kananzir, ita ta bi da kalanzir, ka rufe da kananzir. Ba zan iya sa hannu ba."

Na ce, "Malam, ai duk wanda ya ji ya san abin da take nufi."

"Ya sani. Ni ma na sani. Kakata haka take faɗa. Ka koma ka roƙe ta ta maimaita, kalma ɗaya ce za ta sauya. In ba ta samu ba, Malama Talatu ta karanta maganar tata, ba za a taɓa ko harafi ba sai wannan."

A wurinsa sauƙi ya yi mini, har da ba ni kuɗin mota. Bai san ni ɗan fari ba ne, ni kuma ban ga yadda zan faɗa masa a ofis ba. Na so a ji ta. Na so muryar nan ta fita daga bayan asabari ta shiga kowane gida, ta zauna a faifan da ba za a goge ba, don gargaɗi irin wannan ajiye shi ake yi. Saboda haka na koma.

Na tarar Gwaggo ta riga ta baza labari. Duk matan unguwa sun san za a ji matar gidanmu a rediyo. Na ja ta gefe na yi mata bayani.

"Wai uwarka ce ba ta iya magana ba?"

"A'a, Gwaggo. Sun yaba ƙwarai. Kalma ɗaya ce."

"Wace?"

"Kalanzir. Can kananzir ake cewa."

"Kana me? To shi man an gaya masa an raɗa masa sabon suna? An yanka rago?"

"Gwaggo, don Allah."

Ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Kai yaro ne har yanzu. Amma tunda ka ce in faɗa, zan faɗa."

Aka sake tura makirfo ta ƙarƙashin asabari. Na sa abin ji, na danna. Gwaggo ta tsuguna a bakin ƙofa ta ce, ba wasa a muryarta wannan karon, "Wai akwatin ya ce a sake. Wai ba kalanzir ake cewa ba, kananzir."

Na ji an ajiye mazurari a kan garwa. Na ji numfashi. Sannan, a tsakiyar kaina, a fili, ba tuntuɓe ko kaɗan:

"Kananzir."

Sai Inna ta tambayi Gwaggo:

"Haka ne?"

Gwaggo ta waiwayo ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta ce, "Wai haka ne."

"To ki ce wa ɗanki an faɗa. Sauran ai yana cikin akwatinsa. Ina da aiki."

Makirfo ya fito ta ƙarƙashin asabari a hankali, an turo shi da yatsa.

Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ba na jin fushi ta yi. Inna ba mai fushi da kalma ba ce. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. Ran farko da akwati ta yi magana, dukanmu uku mun amince da wannan, a kansa komai ya tsaya. Akwati kuwa ba ya gyara wa mutum magana. Tunda aka dawo da gyara, to akwai mai gyaran, kuma kowa ya san ko wane ne. In ta sake ba da labarin matar nan ta garinmu, ba akwati za ta ba ba, ɗanta na fari za ta ba, ido da ido ko da asabari a tsakani. Wannan kuwa ba ta taɓa yi ba, ba kuma za ta fara ba don gidan rediyo. "Ki ce wa ɗanki" da ta faɗa, shi ne rufe ƙofar.

Na gwada dabara irin tamu ta ma'aikata. A lokacin da reza ake gyaran faifai, a yanke inda ba a so a liƙa wani. Na kwafi kalmar nan guda da ta ba ni, na dasa ta a wurare biyu ko uku in ji yadda za ta zauna. Ba ta zauna ba. Maganar na tafiya da ɗuminta, sai kalmar ta faɗo a sanyaye kamar daga bakin wata mata dabam. Malam Babba ya saurara ya ce, "Ka mai da baiwar Allah mai shaƙuwa. Cire." Na cire na mayar da nata. Na zauna na rubuce duk abin da ta faɗa, na miƙa wa Malama Talatu.

Malama Talatu ƙwararriya ce, kuma ta yi aikin da zuciya ɗaya. Ta karanta da tattausar Hausar nan tata da ba ta da gari. Da ta zo kan labarin yaron sai muryarta ta karye, ta yi rawa, har ta ja hanci. Kowa a ɗakin ya ce ya yi kyau. Malam Babba ya sa hannu.

Ranar da aka fara sakawa ina gida. Bayan la'asar ne. Gwaggo ta fito da rediyon babana ta ɗora a kan turmi, matan maƙwabta sun cika tsakar gida da goyonsu, ni ina zaure inda nake jin komai. Ban gaya wa Gwaggo yadda aka ƙare ba, na rasa ta inda zan faro. Inna ba ta fito ba, don ba za ta zauna cikin mutane ana jin muryar ɗanta na fari ba, ko da yaushe haka take yi. Aka ji ni na buɗe. Sai mace ta fara magana.

Wata ta ce, "A'a, wannan ai ba ita ba ce."

"Ku yi shiru mana, wataƙila tana gaba."

"Maganarta ce fa. Ji batun ashana."

"Maganarta ce, amma bakin na 'yan birni ne."

Aka ƙare, aka sa kiɗa. Gwaggo ta kashe rediyon da ƙarfi, ta ɗaga murya yadda za ta iso zaure. "Mun gode, ɗan birni! An ci naman an jefo mana ƙaho. Ni da na bi gida gida ina gayya!" Matan suka yi ta ba ta haƙuri suna dariya ƙasa-ƙasa, suna neman takalmansu.

Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, ba da ƙarfi ba.

"Gwaggon yara, ki bar faɗa. Matar ta iya ba da labari, kuma saƙon ya isa. Sai dai ta cika kuka. Uwar yaron ba ta yi kuka ba. Ba ta sami sarari ba."

Jim kaɗan yara suka fara shigowa da kwalabe, na ji gwangwani na taɓa bakin garwa.

Dokar gidan rediyon ita ce faifan da aka gama aiki da shi ya koma sito a goge shi a sake amfani da shi. Wanda aka ajiye shi ne na Malama Talatu. Na roƙi mai sito ya riƙe mini na Inna, ya ce kayan hukuma ne, in kawo izinin Malam Babba. Malam Babba ya yi tafiya. Kafin ya dawo an ɗauki jawabin wani babban mutum a kai, kan rabon takin zamani. Ba wanda ya yi da mugunta. Mai sito ma har haƙuri ya ba ni.

Gargaɗin ya yi aiki gwargwado, an ce mata sun riƙa gwada mai a bayan hannu. An yi ta saka shi safe da yamma har damina ta wuce, sau da yawa ni ne ma ke kan aiki, ni ke ɗora faifan in danna. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ta yi wasa da 'ya'yana, ta yi musu tatsuniya, ta kira kowannensu da sunan tsokana. Ni kuwa muka koma yadda muke. Da Gwaggo ta rasu, saƙo ya koma biyowa ta bakin matata. "Ki ce wa maigidanki ya rage shan shayi." Haka har Allah Ya karɓi abinSa.

Ina iya tuna muryarta tana kiran kaji, ko tana ciniki da mai itace ta bayan danni. Amma maganar nan ta hantsin nan, wadda ita kaɗai ce ta taɓa yi da ni, in na zauna na nemo ta, kalmomin na zuwa duka, ba wadda ta ɓace, sai dai da muryar Malama Talatu suke zuwa, da rawar murya da jan hanci. Na yi ƙoƙari in raba su na kasa. Abin da ya rage mini da muryar Inna a tsakiyar kaina kalma ɗaya ce, wadda na je na roƙa, ta faɗa sau ɗaya daidai yadda ake so, ta turo makirfo waje.